Asariyyar Talata

Juma'a, 17 Oktoba 2014

Na gane ne lokacin da 'yata Bashira ta yi mini Hausa, ba Larabci ba. Yarinyar da sai na matsa mata take haɗa kalma biyar da harshenmu, ita ce ta sauke waya daga kunne ta ce, "Umma, zauna." Ban zauna ba. Ruwan zafi na kan wuta, na ƙafafun Malam, mijina, don ranar Talata ce. Na ce bari in sauke ruwa. Ta sake cewa, "Umma, ki zauna a ƙasa." A nan na sani. Ba ta ma kai ga faɗa ba.

Sun ce a gidan tsoho, ubangidansa, Malam ya faɗi, can unguwar Murabba, bayan la'asar. Kafin a kai asibiti ya cika. Jiya aka binne shi a maƙabartar nan ta Nasim, kusa da mu. Mata ba sa zuwa. Ghali, ɗan garin su Malam da ke karatu a jami'a, shi ya dawo ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Yaya, an kai shi lafiya."

Ruwan nan ya ƙone a tukunya. Gogo maƙwabciyarmu ce ta shigo ta kashe wutar.

Asabar, 18 Oktoba

Nasir ya zo gaisuwa. Ɗan tsoho, shi ke riƙe da shagon turaren da Malam ya yi wa aiki a kasuwar Dira tun kafin a haifi Bashira. Da maza ya zauna, ban gan shi ba. Ya bar saƙo a bakin Ghali: mahaifiyarsa ta ce idan na fita takaba tana so na a asariyya, ranar Talata, kamar yadda Malam yake zuwa.

Ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba, har sun fara neman wanda zai maye gurbinsa.

Igamarmu, ni da Bashira, a jikin ta Malam take rataye, ta Malam kuwa a hannunsu. Takardar zama a ƙasar Larabawan nan ce, ba a wasa da mai riƙe da ita.

Talata, 21 Oktoba

Na ɗora ruwa. Sai da ya yi zafi na tuna.

Lahadi, 9 Nuwamba

Asariyya. Kalmar nan ta hana ni sakat.

Tun da ciwon suga ya cinye idanun tsoho, shekaru ke nan, duk Talata Malam ba ya komawa shago bayan la'asar. Sai ya sa hula ya ce, "Yau ina da asariyya a gidan tsoho." Ban taɓa tambayarsa ba, don na riga na san kalmar a bakin Gogo. Gogo sabbaba ce, cikin matan da ake ɗauka su zuba gahawa a taron Larabawa. Na dare biki ne, na yamma asariyya. Tun la'asar har magariba tana tsaye da butar gahawa a hannu, ba zama, ba jingina. Idan ta dawo ƙafafunta kamar an hura.

To, namiji da farin gemu, ya wuni a tsaye a shago, sannan ya je ya tsaya yana zuba wa mutane. Shi ya sa ranar Talata nake yi masa tuwon shinkafa da miyar kuka, in ɗora ruwa, in gasa masa ƙafafu, in shafa man zafi. Ya lumshe ido ya ce, "Allah ya yi miki albarka, Ikilima." Bai taɓa ƙorafi ba. Ko sau ɗaya.

Na san ajali ne. Astagfirullah, na sani. Amma tsayuwar nan.

Alhamis, 13 Nuwamba

Mun yi da Bashira. Ta ce, "Umma, asariyya ba aiki. Shayi ne, ya'ani mutane suna zauna, suna sha, suna magana." Na ce, wa yake zuba musu? Na ce, ke kin taɓa ganin Balarabe ya kira matar yaron shagonsa ta zo ta zauna? Ta ce ƙawayenta na makaranta suna cewa asariyya, kuma ba sa nufin aiki. Na ce ƙawayenki 'ya'yan masu gida ne, su ai zama suke yi.

Ta shiga ɗaki tana magana da Larabci da sauri, irin wanda ba na kamawa. Larabcina na kanti ne da na asibiti. Nawa ne, rage, nan ke ciwo. Shekarun nan duka Malam ne bakina a waje.

Alhamis, 27 Nuwamba

Gogo ta kawo mini fura. Na sake tambayarta, ko Bashira na da gaskiya. Ta yi dariya har tana riƙe gwiwa. Ta ce, "'Yar nan, ni na fi shekara ashirin ina zuwa asariyya, ba a taɓa ce mini bismillah zauna ba." Sai ta ga fuskata, ta ce ba abin kunya ba ne, sana'a ce, da ita ta aurar da 'ya'ya uku.

Ba kunya nake ji ba. Ban iya faɗa mata ba. Gidan ne. In tsaya a inda ya tsaya, in miƙa wa mutanen nan kofi, su karɓa ba su ko ɗago ba, kamar yadda suka karɓa a hannunsa har ya faɗi.

Litinin, 15 Disamba

Ghali ya zo, muka yi magana ta bayan labule. Shi ma na tambaye shi. Ya ce a littafi, asriyya na nufin abin zamani. Na ce abin zamani kuma? Ya ce, "Yaya, Larabcin littafi aka kawo ni in karanta. Na cikin gidajensu ban taɓa shiga ba." Na kusa yin dariya. Wato tsohuwa, uwar Nasir, tana so na a abin zamani.

Sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. Igamarmu ba za ta kai bazara ba. Bashira kuwa shekararta ta ƙarshe ce a sakandare, jarrabawa sai ƙarshen Mayu. Ya ce idan Nasir ya nemi alfarma a ofis, ana barin iyalin mamaci har yara su gama shekarar karatu. Idan bai nema ba, huruj ne, fita ba dawowa.

A nan aka haifi Bashira. Sau ɗaya ta ga Bakori, can gida, tana goye. Ba ta jin Turanci, Hausarta ga ta nan. Idan ta fita ba takardar gama makaranta, wa zai karɓe ta can, a wane aji? Malam kullum maganarsa ke nan: ta gama tukuna, sannan mu koma gida.

Laraba, 14 Janairu 2015

Sanyi. Na sa rigar sanyinsa a ƙarƙashin hijabi. Har yanzu tana ƙamshin shago.

Talata, 27 Janairu

Ba na shan shayi yanzu. Gwangwanin cittar nan da kanumfari na tura shi bayan shinkafa don kada in riƙa ganinsa. Malam ba ya shan shayin da bai yi yaji ba. Yakan ce sai ya ji shi a kunne.

Bashira na karatu a falo, tana haddace abu da ƙarfi. Ba ta sake ta da maganar ba. Ni ma.

Juma'a, 20 Fabrairu

Na fita takaba jiya. Gogo ta yi mini kitso, matan bene suka zo, aka yi addu'a, aka raba waina. Kowa na cewa barka. Ni kuwa na san Talata na zuwa.

Talata, 24 Fabrairu

Sun aiko mota. Direba ya yi ta danna oda a ƙasa. Na ce wa Bashira ta sauka ta ce ba ni da lafiya. Ta tsaya tana kallona. Na ce ki je mana. Ta je.

Ba ƙarya ba ce gaba ɗaya.

Talata, 3 Maris

Sun sake aikowa. Wannan karon Bashira tana makaranta, darasin ƙari. Na kashe fitila na zauna a kicin har motar ta tafi. Wayar gida ta yi ta ƙara. Ban ɗauka ba.

Na ce a raina mako mai zuwa. In ƙara samun ƙarfi.

Lahadi, 8 Maris

Ghali ya zo ko ruwa bai sha ba. Nasir ya kira shi shago. Ya ce uwarsa ta aika mota har sau biyu an mayar da ita wayam, ta kira ba a ɗauka ba, tsohuwa da hawan jini tana zaune tana jira. Ya ce tunda matar Inuwa, wato Malam, ba ta son ganin fuskarsu, shi ba zai riƙe ta ba. Ya buga mana huruj tun ranar Alhamis. Wata biyu ake bayarwa. Zai ƙare kafin a fara jarrabawa.

Ghali ya ce, "Yaya, me ya sa ba ki gaya mini ba za ki je ba?"

Bashira ta ji komai. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Ta ɗauko littattafanta ta jera su cikin kwali, ɗaya bayan ɗaya. Na ce me kike yi? Ta ce, da Hausarta, "Ba amfani su." Sai ta juyo ta ce, "Baba yana tafi kowane Talata don mu. Ke sau ɗaya ba ki iya."

Ban mare ta ba. Gaskiya ta faɗa.

Litinin, 9 Maris

Na je wurin Gogo na ce ta koya mini.

Dalla, butar gahawar, a hannun hagu. Finjali a hannun dama. Ba a cikawa, ɗan kaɗan a gindi, cikawa rashin kunya ne, kamar kana korar baƙo. A fara da babba. Idan mutum ya girgiza finjali, ya ƙoshi. Kada ki zauna, kada ki jingina, kada ki sa baki a magana ko sun ambaci sunanki. Muka yi ta gwadawa da ruwa har ya daina zuba a kafet. Ta ara mini baƙar rigarta mai zare ruwan zinariya a hannu, ta aiki. Ta yi mini tsawo, muka kama da allura.

Ta ce, "Kina gamawa ki sumbaci kan tsohuwa, ki roƙe ta maganar yarinya. Kada ki fara da roƙo. Aiki tukuna."

Na ce wa Bashira gobe za ta raka ni, ta zama bakina. Ta ce to. Kalmar da ta yi mini ke nan yau.

Laraba, 11 Maris

Jiya ban iya rubutu ba. Bari in bi shi daki-daki don kada in manta.

Ba su aiko mota ba. Ghali ya samo tasi ya raka mu har ƙofar gida, ya tsaya a masallacin layin. Gidan tsoho ne irin na da, mai katanga doguwa da bishiyar dabino biyu. Bashira ta nufi babbar ƙofa, na janyo ta. Muka bi ta ƙaramar, ta kicin, kamar yadda Gogo ta ce. Mai aikinsu ta gan mu ta tsaya tana kallonmu. Na cire abaya, rigar Gogo ta bayyana. Dalla na kan tire an riga an haɗa. Na ɗauka. Na ce ya Allah don yarinyar nan.

Ɗakin mata. Suna zaune a ƙasa kan matasai, su wajen shida, ga dabino, ga filas na shayi, ga turaren wuta irin na shago. Ƙamshin ya kusa kayar da ni. Na gane tsohuwa, Ummu Nasir, ƙarama ce, da lalle a tafin hannu, ƙafa ɗaya a miƙe. Na je gabanta na zuba, kaɗan a gindi, na miƙa da dama. Ta karɓa tana tambayar 'yarta wani abu. Daga baya Bashira ta ce cewa ta yi, wa ya ɗauko sabbaba yau?

Sai na ji muryar Bashira a bayana, da Larabci, amma wannan na gane. Uwata ce. Matar Inuwa.

Duk suka juyo suna kallona. Na ɗauka na yi kuskure a zubin. Na duba hannuna, dalla na hagu. Tsohuwa ta ajiye finjali. Ta dafa kafaɗar 'yarta ta miƙe da ƙyar, ta zo ta kama dallar. Na riƙe, don Gogo ta ce kada in bari baƙo ya zuba wa kansa. Muka ɗan ja. Ta ce, "Aib, ya binti." Abin kunya, 'yata. Ta ƙwace, ta kama hannuna ta zaunar da ni a kan matashinta, ita ta zauna a gefe. Ta zuba ta miƙo mini.

Na kasa karɓa. Bashira ta ce, "Umma, karɓi."

Ta tambaya wa ya ce in zo in yi aiki. Na ce ita ta aiko, in zo kamar yadda Malam yake zuwa. Ta ce, to yaya yake zuwa? Na ce yana zuba wa tsoho da baƙinsa. Bashira ta juya mata. Tsohuwa ta dube ni, ta dubi 'ya'yanta, ta rufe baki da mayafi. Na ɗauka kuka ne. Dariya ce, da hawaye tare. Ta ce a je a turo Abu Nasir, wato tsoho.

Aka turo shi a keke har bakin ƙofa. Matan suka ja mayafi duk da ba ya gani. Ya yi sallama ya ce, ina Ummu Bashira? Na gaishe shi. Ya ce, "Ke ce mai citta."

Ban gane ba sai da Bashira ta maimaita. Aka gaya masa abin da na ce. Ya ce Inuwa bai taɓa zuba ko finjali ɗaya a gidan nan ba. Sau ɗaya ya gwada, ya sheƙa masa a riga, aka hana shi har abada. A damarsa yake zama. Shi ne idonsa. Ya ba shi labarin kasuwa, wanda ya buɗe shago, wanda ya rufe, wanda ke sayar da itacen turaren banza da sunan na Kambodiya. Ya ba shi labarin Bakori, da damina, yadda ƙasa ke ƙamshi idan ruwan farko ya sauka. Ya ce shayin gidansu kuwa kullum sai Inuwa ya kushe, wai ruwan ɗauraye kofi ne, wai a gidansa akwai mai yin shayin da ake ji a kunne.

Sai tsoho ya yi dariya ya ce akwai wadda ta fi. Wai Malam ya gaya masa ranar Talata shi sarki ne a gida, tuwo da ruwan zafi da man shafawa. Wai idan matata ta gane zama kawai nake yi ina cin dabino, sarautata ta ƙare.

Bashira ta tsaya a tsakiyar fassarar. Na ce ƙarasa. Ta ƙarasa tana kallon ƙasa.

Shekarun nan duka ina gasa ƙafafun mutumin da ke zaune a kan matashi tun la'asar.

Ban san lokacin da sautin ya fito daga bakina ba. Ni kaina ban san ko dariya ba ce. Tsohuwa ta riƙe kaina a ƙirjinta.

Da na natsu tsoho ya faɗi na ranar. Ya ce suna cikin hira, Malam na dariya, finjali a hannunsa. Sai Malam ya ce ƙirjinsa. Ya jingino a kafaɗar tsoho. Tsoho ya lalubo hannunsa ya riƙe, ya laƙƙana masa kalmar shahada, ya amsa, sau biyu, a fili. Ya ce, "Da kunnena na ji. Ido ne ba ni da shi."

Ba a tsaye ya faɗi ba. A zaune yake, an riƙe masa hannu.

Ummu Nasir ta ce abin da suke so su gaya mini ke nan tun ranar. Ba magana ba ce ta waya, ba ta aike a bakin maza ba. Ta bari in gama takaba, sannan in zo in zauna, a faɗa mini da gahawa a hannu. Na ce mata yadda na san kalmar, a bakin Gogo. Ta ce haka ne, wadda ke tsaye ita ma asariyya take cewa. Ta ce a wurinsu shayi ko kai kaɗai ka sha, amma ba ya zama asariyya sai da wanda ya zo ya zauna da kai bayan rana ta yi sanyi.

Na manta da roƙon. Wallahi na manta. Ita ce ta tambayi Bashira makaranta, Bashira ta ce ta bari, an buga mana huruj. Tsohuwa ba ta sani ba. Fuskarta ta canza. Ta ce a ba ta waya. Na ji muryar Nasir daga nesa yana ta bayani, ita kuwa kalma ɗaya take maimaitawa, alhin, alhin. Yanzu, yanzu. Ya ce abin da aka riga aka buga ba a cire shi da baki, sai ya je ya gani.

Da za mu tafi ta hana mu bin ƙofar kicin.

Alhamis, 12 Maris

Na mayar wa Gogo rigarta. Na ba ta labari. Ta ce, "To ni na kusa kai ki ƙasa." Na ce ba ke ba ce, abin da kika sani kika faɗa. Ta ce, "Amma Malam Inuwa, Allah ya jiƙansa, ɗan duniya ne." Muka yi dariya har ta share ido.

Da na dawo na tsaya gaban rigarsa da ke rataye na ce, ka kyauta. A fili na faɗa. Ina jin haushinsa, kuma ban taɓa kewarsa kamar yau ba.

Lahadi, 15 Maris

Shiru. Ghali ya kira Nasir bai ɗauka ba.

Bashira ta je makaranta, amma littattafan suna cikin kwali. Da safe ta zaro biyu, da yamma ta mayar.

Idan ya ƙi fa? Uwa ta faɗa, amma shi ke zuwa ofis. Kuma ni na mayar da motar.

Talata, 17 Maris

Mota ta zo. Na shiga. Ta babbar ƙofa.

Ba wanda ya ta da maganar huruj, ni ma ban tayar ba. Na zauna kamar a kan ƙaya. Tsohuwa ta sa ni cin wani abu na gero da dabino, ta tambayi sunansa da Hausa, ba mu da shi. Na gaya mata mu ma muna cewa la'asariya, lokacin da inuwa ta kai bango, mata su shimfiɗa tabarma a tsakar gida ana tsince shinkafa ana hira. Lokacin muka sa wa suna, zaman ba mu sa masa ba. Bashira ta tambaye ni sau biyu yadda ake faɗa. La'asariya. Ta ce ba ta taɓa ji ba. Laifina ne ko na wa.

Da muka fito Nasir na tsakar gida. Ya kawar da kai ya yi sallama. Na amsa. Na ce wa Bashira ta ce masa ya yi haƙuri da maganar mota, rashin sani ne. Ya ce, "Inuwa ya ɗauke ni a kafaɗa ina yaro." Ya shiga mota.

Alhamis, 19 Maris

An cire. Ghali ya kira da azahar. An soke huruj, an bar mu har sakamakon jarrabawa ya fito. Bayan nan sai tafiya, wannan ba makawa.

Bashira ta juye kwalin a tsakar falo. Ta zo ta bayana ina wanke-wanke ta ɗora goshi a kafaɗata. Ba ta ce komai ba, da kowane harshe.

Talata, 24 Maris

Gogo ta leƙo da rana tana neman in raka ta kanti. Na ce ba zan samu ba, yau ina da asariyya. Sai da ta tafi na ji abin da na faɗa.

Na janyo gwangwanin daga bayan shinkafa. Ba don komai ba, tsoho ne ya dame ni, wai sai ya ɗanɗana kafin ya mutu. Cittar ta bushe amma da sauran ƙarfinta. Na daka, na sa kanumfari, na cika filas ɗin Malam. Na ɗan kurɓa don in ji ko ya yi. Don in ji kawai.

Tsoho ya sha ya yi tari har aka buga masa baya. Ya ce Inuwa bai yi ƙarya ba, ga shi nan a kunne. Ya miƙo kofi a ƙara. Na tashi zan zuba, tsohuwa ta ja rigata, 'yarta ta zuba.

Tsohuwa ta tambaye ni ranar tafiya. Na ce sai yarinya ta gama. Ta ce to akwai sauran Talata.

Bashira ta ce in riƙa koya mata kalma biyar kullum kafin mu koma. Yau mun yi uku ta gudu wurin littafi.

Rigarsa na nan a rataye. Ban sauke ba, ban kuma fara haɗa kaya ba.